Ɗan Aiken Da Ba Ka Sani Ba: Yadda Masu Sayayya A Nyanya Ke Auna Masu Kawo Musu Kaya

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin gadar Nyanya da misalin ƙarfe biyar na yamma, sa'ad da ma'aikata suka taso daga ofisoshin cikin birnin Abuja, lalle ya ga irin baburan nan masu ɗauke da akwati a baya suna kurɗawa tsakanin motoci. Mai babur ya kifa hular kwano, ya cusa waya tsakaninta da kunnensa, yana tuƙi yana magana. Abin da ke cikin akwatin nan kuwa ba nasa ba ne. Wataƙila atamfa ce turmi biyu, ko takalmin makaranta, ko sabuwar wayar hannu, ko kuwa shinkafa da miya wadda wani ya biya kuɗinta tun da azahar. Mai kayan bai taɓa ganin mai babur ɗin ba, wanda ya sayar ma sau da yawa bai san shi ba, kamfanin da ya haɗa su kuma bai ɗauke shi aikin albashi ba. Duk da haka shi kaɗai ne mutumin da mai saye zai gani ido da ido a cinikin baki ɗaya, saboda haka a kansa ake yanke hukunci, ko da laifinsa ko babu.

Aike dai tsohon abu ne, tsarin ne sabo. A da, kamfanin da ke sayar da kaya shi ke da motocinsa da direbobinsa, yana biyansu a ƙarshen wata. A sabon tsarin kuwa sai kamfani ya buɗe manhaja a waya, ya ce duk mai babur ko mota ko keke da ke son aiki ya zo ya yi rajista. In an sayi kaya, manhajar ce za ta duba wanda ke kusa ta miƙa masa aiken, a biya shi gwargwadon tafiyar da ya yi. Watau an jefa aiken cikin taron jama'a, wanda ya cafe shi ne ɗan aike. Kamfanin Amazon na Amurka ya soma irin wannan a shekarar 2015 da wani shiri da ya kira Amazon Flex. A nan Nijeriya kuwa, kantunan intanet na Jumia da Konga sun buɗe a 2012, sa'an nan kamfanin Glovo na ƙasar Sifen ya shigo a 2021, shekarar da aka kafa Chowdeck a Ikko, kuma su biyun duk sun iso Abuja. Kafin nan abubuwa biyu sun riga sun share wa sana'ar fage a shekarar 2020: hana acaba a manyan sassan Ikko cikin watan Fabrairu, wanda ya sa kamfanonin haya irin su Gokada suka koma kai saƙo, da kuma kullen cutar korona da aka sa wa Abuja da Ikko daga ran 30 ga Maris.

Amma kada mai karatu ya ɗauka duk akwatin da ya gani na babban kamfani ne. Akwai mata da yawa da ke sayar da turaren wuta da humra da abaya da dambun nama daga cikin ɗakunansu ta WhatsApp da Instagram. Irin waɗannan ba su da babur ko ɗaya. In ciniki ya faɗa sai su kira duk wanda suka samu cikin samarin da ake ce wa 'yan dilibari, yau wannan, gobe wancan. Su ma cikin taro suke jefa aikensu.

GARIN DA BA KOWA A GIDA DA RANA

Kafin a gane yadda mutumin Nyanya ke auna mai kawo masa kaya, sai an fara sanin Nyanya. Garin yana kan hanyar Abuja zuwa Keffi, a bakin iyakar Babban Birnin Tarayya da Jihar Nasarawa, har ma baƙo ba ya iya cewa ga inda Nyanya ta ƙare ga inda Mararaba ta soma. Asalin wurin na Gwarawa ne da Gwandara. Bayan dokar 1976 da ta kafa sabon babban birni, an gina rukunin gidaje a nan domin ƙananan ma'aikata da leburorin da suka zo aikin ginin, sa'an nan da gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, sai jama'a suka yi ta kwararowa, domin hayar cikin birni ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Yau babu wata babbar ƙabila ta ƙasar nan da ba ta da mutanenta a Nyanya.

Wannan tarihi ya haifar da abu biyu da ke damun ɗan aike. Na farko, garin kwana ne. Jama'a da yawa suna fita tun da asuba domin su riga cunkoso, ba sa dawowa sai bayan magariba ko isha'i. Na biyu, ita hanyar da ke gangarowa daga shataletalen AYA ta bi ta Kugbo ta wuce gadar Karu zuwa Nyanya, tafiya ce da ba ta kai rabin sa'a ba in hanya a buɗe take, amma takan cinye sa'a biyu ko fiye in ta cushe. Ran Laraba kuwa, da kasuwar Nyanya ke ci, sai abin ya daɗa tsanani. Babur ya fi mota iya kurɗawa, gaskiya ne, amma ba ya tashi sama. Ga kuma doka: tun watan Oktoba na 2006, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan Abuja, aka hana acaba shiga tsakiyar birni, saboda haka babur mai akwati sai da takardunsa na jami'an VIO, kuma ko ina a hanya ana iya tsayar da shi a duba su.

ALKAWARI KAYA NE

To, da me mai saye ke auna aikin? Wanda bai san sha'anin ba zai ce da sauri. Kamfanoni ma da sauri suke talla. Amma wanda ya saurari ƙorafin mutane da kyau zai lura ba jinkirin ne ya fi ɓata musu rai ba. Mutumin da kullum yake shafe sa'o'i a kan wannan hanya ya fi kowa sanin halinta, ba zai yi mamaki ba in kaya sun makara. Abin da ba ya yafewa shi ne a gaya masa abin da ba haka ba ne.

A ɗauka wata ma'aikaciyar jinya ce ta sayi takalmi daga wata mai shago a Wuse, aka ce mata zai iso da la'asar. La'asar ta yi, ta kira. Yaro ya ce, "Ranki ya daɗe, ga ni nan a Kugbo, minti goma." Alhali kuwa yana Garki, da sauran saƙo uku a akwati da zai sauke kafin nata. Ta fasa zuwa kasuwa, ta zauna jira. Bayan sa'a guda ta sake kira, ya ce yana kan gada. Ta uku bai ɗauka ba. Da ya iso bayan magariba takalmin lafiya lau yake, kuɗin ma bai ƙara mata ko kwabo ba, amma a wurinta aikin ya riga ya ɓaci tun daga "minti goma" na farko. Da tun can ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba zan iso ba sai bayan magariba," da ta je kasuwarta ta dawo, ta karɓi kayanta, wataƙila har da ba shi ruwan sha.

Wannan hali ba na mutanen Nyanya kaɗai ba ne. Wani masanin harkar kasuwanci a Amurka mai suna David Maister ya yi rubutu a 1985 a kan yadda mutane ke jin zaman jira, inda ya nuna jiran da ba a san ƙarshensa ba ya fi tsawo a zuciya bisa ga wanda aka san iyakarsa, haka kuma jiran da ba a faɗi dalilinsa ba ya fi nauyi bisa ga wanda aka yi bayani. Bayan shekara uku, a 1988, waɗansu masana uku, Parasuraman da Zeithaml da Berry, suka fito da wani ma'auni da ya yi suna ƙwarai wajen auna ingancin hidima. Gundarin maganarsu shi ne, mai saye yana ɗora abin da ya samu ne a kan abin da ya sa rai, tazarar da ke tsakani ita ce hukuncinsa. Sun kasa abin da ake dubawa gida biyar: cika alkawari, hanzarin amsa kira, sa wa mai saye natsuwa, kula da halin da yake ciki, da kuma kyan abin da ido ke gani kamar tufafi da kayan aiki. Da suka bi mutane suna tambaya wanne ya fi muhimmanci, cika alkawari ne ya zo kan gaba, kyan gani ya zo ƙarshe. Bahaushe dai ba sai an yi masa dogon bincike ba, tun tuni ya ce alkawari kaya ne.

Akwai kuma wani abu da masu tallar sauri ba su cika lura da shi ba. A garin da ba kowa a gida da rana, zuwa da wuri ma laifi ne. Kayan da aka ce za su zo da yamma, in suka iso ƙarfe goma sha ɗaya na safe, mai su yana ofis a Sakatariyar Tarayya, sai a shiga neman maƙwabciyar da za ta karɓa, ko mai shagon bakin layi. In kuwa abu ne da mutum ba ya son a san ya saya, kamar magani ko kayan lefe da ba a riga an sanar ba, to an tona masa asiri da sunan gaggawa.

"KINA INA NE DAIDAI?"

Ma'auni na biyu shi ne iya gano gida. Nan ma akwai abin lura. Ban da tsofaffin rukunan gidajen gwamnati da aka laƙaba wa haruffan boko, unguwanni da yawa a Nyanya da kewayenta sun tashi ne ba tare da tsari ba, layi ba suna, gida ba lamba. Kwatance ake yi: bayan masallacin Juma'a, kusa da taransifoma, gida mai baƙin ƙyaure, daura da mai cajin waya. Taswirar da ke cikin waya takan kawo mutum bakin unguwa ta bar shi nan. Bugu da ƙari sunayen kansu suna ruɗa baƙo. Akwai Nyanya ta Babban Birnin Tarayya, akwai kuma Sabuwar Nyanya da Nyanya Gwandara, waɗanda ke can gaba da Mararaba cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa. Karu ɗin ma biyu ce, ta Abuja da ta Nasarawa. Mai saye ya rubuta "Nyanya" kawai, ɗan aike ya yi cinikin kuɗin tafiya a kan ta kusa, sai da ya iso gada aka ce masa ai da sauran tafiya. Daga nan gardama ta tashi, shi yana neman ƙari, mai kaya yana ganin an zo cutarsa.

A tsohon tsari, inda direba ɗaya ke bin unguwa ɗaya shekara da shekaru, wannan ba matsala ba ce, domin ya san gidan, ya san ma karen gidan. Tsarin jefa aike cikin taro kuwa kullum sabon mutum yake turowa, kullum sai an sake kwatance daga farko. Saboda haka mai saye yakan ƙidaya yawan kiran da aka yi masa. Wanda ya iso da kira ɗaya gwani ne. Wanda ya kira sau shida, daga ƙarshe ya ce a fito bakin titi a same shi, ya faɗi, domin a ganin mai saye kuɗin da ya biya na kawowa ƙofar gida ne. Ga matar da ke kulle, ko mai jego, ko tsoho, wannan ba ƙaramin abu ba ne: dalilin sayen ta waya ke nan tun farko.

CINIKIN BIRI A SAMA

Sa'an nan sai babbar magana, watau kuɗi da kaya, wanne zai riga wucewa. Mutanenmu ba su saba da cinikin biri a sama ba. Wanda zai sayi shadda a Kantin Kwari sai ya murza ta, ya ɗaga ta ga haske. Hoton waya kuwa ba ya murzuwa, kuma kowa ya ji labarin wanda ya zaɓi abu a hoto aka kawo masa wani abu dabam. Don haka ne kantunan intanet na ƙasar nan suka fara da tsarin sai kaya sun iso a biya. Tsarin ya jawo masu saye, amma ya ɗora nauyi a kan ɗan aike, domin ya mai da shi mai karɓar kuɗi, mai yawo da dukiya zuwa gidan da bai sani ba. A watan Maris na 2017 an kashe wani mai kai kayan Jumia a Fatakwal, a gidan da ya kai wayoyin da aka yi oda. A wannan shekarar kamfanin Konga ya dakatar da tsarin biya bayan karɓa, ko da yake ya komo da shi bayan kamfanin ya canja hannu a 2018. Watau tsoron ta fuska biyu yake: mai saye na tsoron wanda zai buɗe wa ƙofa, mai babur na tsoron ƙofar da za a buɗe masa.

A bakin ƙofar nan ne ake yin jarrabawa mafi wuya. Mai saye na son ya farke leda ya duba kafin ya biya. Ɗan aike kuwa an ce masa kada ya bari a buɗe sai an biya, ko kuma yana da sauran wurare biyar, kowane minti da ya tsaya asara ce gare shi, tun da ba albashi yake ci ba. In an buɗe aka ga rigar ba launin da aka zaɓa ba ce, wa za a kama? Mai shagon tana Wuse ko Kano, kamfanin yana cikin waya. Wanda ke tsaye shi ne yaron da bai ma san abin da ke cikin ƙunshin ba. Shi zai sha faɗa, shi za a hana kuɗin tafiya, shi zai koma da kaya cikin cunkoso da man da ya saya da kuɗinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, biya ta tiransifa ya zama ruwan dare, abin da ya rage yawo da tsabar kuɗi amma ya kawo tasa fitinar. Mai saye ya ce ya tura, ya nuna shaida a wayarsa, saƙon banki bai shigo ba. Yaro ba zai saki kaya ba, domin an sha cutar irinsa da shaidar ƙarya. Mai gida kuwa yana ganin an mai da shi ɓarawo a ƙofar gidansa, a gaban maƙwabta. Yadda ɗan aike ya iya bakinsa a cikin mintocin nan, ko ya ce, "Alhaji, ka gafarce ni, ba kai nake zargi ba, ƙa'idar aikin ce," ko kuwa ya ɗaure fuska ya riƙe ƙunshi a hammata, shi ne abin da za a tuna da shi bayan an manta da layin bankin da ya kawo matsalar.

Kuɗin kawowa kansa ya shiga cikin ma'auni fiye da da. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, litar fetur a gidajen man gwamnati a Abuja ba ta kai Naira 200 ba. A watan Yuli na shekarar ta kai Naira 617, a watan Oktoba na 2024 ta haura Naira 1,000. Kuɗin aike ya bi sahu, kuma da yake masu kai saƙo sukan yi farashi ne bisa ga nisa, na bayan gari ya fi na Maitama biya, alhali ya fi shi ƙaramin ƙarfi. Wanda ya biya da yawa kuwa yakan sa rai da yawa. Kuskuren da a da za a yi dariya a wuce, yanzu sai a ce, "Duk kuɗin nan da na biya?"

WA YA TSAYA MASA?

A ganina duk waɗannan rassa ne, saiwar ita ce amana, kuma a nan ne sabon tsarin ya bambanta da abin da muka gada. Bahaushe ya daɗe yana ba wanda bai sani ba saƙo. Har gobe ana zuwa tasha a ba direba ƙunshi zuwa Kano ko Sakkwato, a rubuta lambar waya a jiki, a tafi a kwanta da natsuwa. Dalili kuwa shi ne direban yana da tasha, tashar tana da shugabanni, ga ɗan kamasho da ya san shi, in ƙunshi ya ɓace an san inda za a je a yi ƙara. Wani masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda Hausawa ke fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Ya nuna ana ba da dukiya mai yawa bashi ba tare da takarda ba, domin akwai mai gida, watau fatoma, wanda ke saukar da baƙo, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya a kan cinikin da sunansa da mutuncinsa. Baƙo ba ya buƙatar sanin mai saye, ya isa ya san mai gidansa.

Manhaja tana ƙoƙarin zama mai gidan nan ne. Ita ke cewa ta karɓi lambar shaidar ɗan ƙasa ta mai babur, ta ga lasisinsa, ga hotonsa, ga sunansa, ga inda yake a taswira. Sai dai mai gida ne da ba a iya zuwa zaurensa a yi sallama. Kuma nuna suna da hoto yana da nasa haɗarin. Waɗansu masana uku a Amurka, Ta da Esper da Hofer, sun buga wani bincike a 2018 a kan wannan batu daidai, suka gano bayyana wa mai saye ko wane ne direba yana ƙara masa yarda da gamsuwa ne idan ya ga direban irinsa ne, musamman ta fuskar ƙabila da asali. A Amurka aka yi binciken, amma wanda ya san ƙasarmu ba zai ce abin ya yi mana nisa ba. A gari irin Nyanya, wanda har yanzu bai manta da bam ɗin da ya tashi a tashar motarsa ran 14 ga Afrilu, 2014 ya hallaka fiye da mutum 70 ba, sunan da ya fito a fuskar waya yana iya sa wani ya saki jiki, wani kuma ya ƙi buɗe ƙyaure, tun yaro bai yi komai ba. Mu da 'ya'yanmu ke cike da sana'ar babur a garuruwan Kudu mun san ɗacin a yi wa mutum hukunci da sunansa, bai kamata mu zama masu yi wa na wasu ba.

Daga ƙarshe sai manhaja ta ce a ba da taurari, daga ɗaya zuwa biyar. A nan ne duk abin da ya faru ke taruwa a matse shi cikin taɓawar yatsa guda. Mai abinci ya yi jinkirin dahuwa, tauraro ɗaya ga mai babur. Tirela ta faɗi a Kugbo, tauraro ɗaya ga mai babur. Mai shago ta sa lamba 39 maimakon 41, haka. Mai saye yana ganin ya huce haushinsa ne a kan kamfani, bai san a irin wannan tsari maki yana iya shafar yawan aiken da za a riƙa tura wa mutum ba, wanda nasa ya yi ƙasa ƙwarai ma ana iya rufe masa manhaja. Ma'aikacin albashi in an kore shi yana da inda zai kai kuka. Wannan kuwa a takarda ba ma'aikaci ba ne, abokin hulɗa ne mai zaman kansa. Wannan matsayi ya jawo shari'u a ƙasashen waje: ƙasar Sifen, mahaifar Glovo, ta kafa doka a 2021 wadda ta ɗauki masu kai saƙon manhaja a matsayin ma'aikata. Ta ɗaya gefen kuma, mai turaren wutan da ta kwana tana haɗa kayanta tana iya rasa abokiyar ciniki har abada saboda baƙar maganar wani yaro da ba ta taɓa gani ba, domin mai saye ba ya raba mai kaya da ɗan aikenta.

Mai saye dai ba a bar shi haka kawai ba. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin mai saye, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta ba shi haƙƙin mayar da kayan da aka kawo masa in bai samu damar dubawa ba tun farko kuma suka saɓa wa abin da aka siffanta, ta kuma kafa hukumar FCCPC, mai hedkwata a nan Abuja, domin sauraron ƙara. Wannan haƙƙi a kan mai sayarwa yake, shi ne ya siffanta kayan. Amma wa zai bar aikinsa ya shiga cunkoson AYA ya kai ƙara saboda takalmi ɗaya? Shi ya sa hukuncin yakan tsaya a inda ya fi sauƙi, a bakin ƙofa.

Akwai wani hukunci kuma da ba ya shiga lissafin kowane kamfani. In yaro ya zo a lokacin da ya faɗa, ya gane gida ba tare da wahalarwa ba, ya yi sallama, ya tsaya aka duba kaya bai tsuke fuska ba, uwar gida ba ta cika damuwa da taɓa taurari ba. Sai ta ce, "Ɗan nan, ba ni lambarka." Ta adana ta, ta tura wa ƙanwarta da ke Jikwoyi da maƙwabciyarta, ta kuma gaya wa mai shagon Wuse cewa nan gaba shi za a riƙa ba kayanta. Daga ranar ya fita daga cikin taro, ya zama ɗan aiken gidan, ana sa shi karɓo ɗinki, ana sa shi kai abinci asibiti. Shi ya huta da kamashon da ake cire masa, ita ta huta da kwatance. Kamfani kuwa ya yi asarar su biyun, kuma ranar da ƙunshi ya salwanta a hanyar Karu, ko aka tsare babur ɗin da kayanta a ciki, babu rasit, babu manhajar da za a kai wa kuka, sai dai ta kira shi ta ji ko zai ɗauka.